Tabarmar Makiyaya

Talata, bayan lisha

Na dawo Zinder kaina na sarawa. Yau muka je wani ƙauye gaba da Mirriya, ni da ɗalibaina na jami'a, don mu wayar wa manoma da makiyaya kai game da burtali, hanyar shanu, kafin a gama yankan gero. Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, shi ya sa taron ƙarfe goma na safe, wai mu dawo kafin rana ta take. Ba wanda ya tuna cewa a lokacin makiyaya sun fita kiwo, ba sa dawowa sai yamma. Har da ni, da aka haifa a Damagaram Takaya.

Manoma sun cika gindin bishiyar bedi. Tabarmar da aka shimfiɗa wa makiyaya kuwa ba kowa a kanta. Ina ta maganar haƙuri da zaman tare, su kuma tabarmar suke kallo.

Da na gama, Malam Issufu, dattijon da shanu suka cinye wa gona bara, ya ce, "Malam, mun gode. Kun kira su, sun ƙi zuwa. Yanzu mun san inda muka tsaya."

Na ce laifinmu ne, mu muka zaɓi lokacin. Ko kallona bai yi ba, ya sa aka naɗe tabarmar.

A hanyar dawowa na ga garke tsaye dab da gonar da ba a yanke ba. Na kira shef kan mu sake komawa da yamma, ya ce motar jami'a ba za ta samu ba sai nan da sati biyu.

Jiya fushi kawai manoman suke da shi. Yau mun kai musu hujja.