Ƙarar Sabuwar Salansa

Talata, bayan isha'i

Yau bakanike ya ɗaura wa mashin ɗina sabuwar salansa. Mun sha fama kafin bakinta ya zauna daidai. Da na tayar, ƙararta ta cika kasuwa, ni kuwa har da washe baki.

Na nufi ƙauyenmu wajen Kuyello in gaida Inna. Na tarar ba kowa, tuwo na ƙonewa a murhu. Ashe da mutanen ƙauyen suka jiyo ni, sun zaci ɓarayin daji ne, suka watse cikin gonaki.

Inna ta fito daga cikin dawa tana ɗingishi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Ashe kai ne."

Tir da ni. Da zan dawo, tura mashin ɗin na yi har bayan gari.