Marigayi Mai Hannu Uku

Litinin, 8 ga Mayu, 2023
Yau na yi wa Baba aika-aika, shekara ashirin da rasuwarsa. Na sa almakashi na yanke Bakoji, Bafulatanin da ya yi mana kiwo, daga tsohon hotonsu, na manta hannunsa na kan kafaɗar Baba. Yanzu marigayi hannu uku gare shi. Wanda ya tsaya a aji huɗu irina, ko ƙirga hannu sai ya gagare shi.

Talata, 9 ga Mayu
Ba tsoro ba ne. Mailafiya ɗan sintiri ne ya shigo zaure shekaranjiya, ya ga Bafulatani a bangona, ya ce, "Malam Abdulsamad, ashe kana da dangi a daji?" Tun harin Dogon Dawa irin wannan wasa kan kai mutum kabari.

Alhamis, 11 ga Mayu
'Yata Zakiyya ta dawo daga kwaleji, ta tsura wa hoton ido kamar likita. Wai kakanta na zaune don shi ke da gona. Bakoji na tsaye don shanunmu yake kiwo. Inna kuwa babu ita, don mace ce. Ni da bakina mai ƙaiƙayi na ƙara mata cewa agogon hannun Baba ma na mai hoto ne, aro. Sai ta ce, "Amma Abba, bara ba ya dafa kafaɗar ubangidansa. Aminin Kaka ka yanke."
Na ce hotona ne, almakashina ne.

Asabar, 13 ga Mayu
Guntun na aljihuna. Ba don komai ba.

Laraba, 17 ga Mayu
Na liƙe shi da salatif, a karkace, na mayar bango. Mailafiya ya sake leƙowa. Na ce, "Duba da kyau, ranka ya daɗe. Wannan ne ya goyo ni daga gona ran da maciji ya sare ni. Kai sunana duk inda kake kaiwa, amma ka faɗe shi daidai." Gwiwoyina na ta kaɗawa. Allah ya yi wa babbar riga albarka.

Juma'a, 19 ga Mayu
Ashe Bakoji na Saminaka wajen 'yarsa. Shi ma an kore masa shanu kaf, ido kuma ya tafi. Shekara shida ban je gaishe shi ba. Labarin abin da na faɗa wa Mailafiya ya kai masa, ya aiko wai in kawo hoton ya shafa fuskar Baba.
Yatsa zai ji tsagar.
Na ce gobe. Na tanadi ƙarya uku masu kyau. Ina jin a gida zan bar su.