Kwaɗin Tafkin Gidimuni

Gidimuni, 3 ga Agusta 1984

Zuwa ga Yaya Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen unguwar Kara-Kara.

Har yau ba ruwa. Tafki ya ja baya, sai laka mai tsagewa. Kin san shekara bakwai ke nan biro, wato ofishinmu, ya turo ni ina bin kwaɗin nan, ina auna su, ina rubuta yadda zafi ke rage su. Burduddugi, manyan nan, in sun ga fari sai su nutse cikin laka su yi barci har ruwa ya sauka. Na san makwancinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cikin littafina. Su ne ragowar irin a duk yankin.

Mai masaukina Malam Inusa ya yi shuka sau uku, duk ta ƙone.

Ƙaninki,
Tahiru

Damagaram, 20 ga Agusta

Tahiru,

Ina gaishe ka. Mu lafiya lau, kada ka damu da mu. Baban yara ya tafi Kano neman aiki.

Kai dai ka dawo gida. Duk karatun da ka yi a lakkwal, a ce kana zaune ƙauye kana gadin kwaɗo, mutane suna gudu daga can? Ka nemi darekta ya mai da kai biro. Allah ya kiyaye ka.

Yayarka,
Barira

Gidimuni, 29 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Mata sun gama tone gidajen tururuwa don tsabar hatsi. Wata Talata a farkon watan nan Malam Inusa ya same ni, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Mushe Tahiru, ban taɓa cin kwaɗo ba, ubana ma bai ci ba. Amma ka nuna mana inda suke."

Na ce masa in aka tone su, irin ya ƙare. Ya ce to, ya tashi.

Ran Jumma'ar makon matarsa Fanta ta rasu. Goyo take yi, abincinta take ba yara. Ni na riƙe gefen makara, Yaya, kamar ba kowa a ciki.

Daga maƙabarta na ɗauko littafin, na shige gaba, maza goma sha biyu suna bina da fartanya. Kwana huɗu muna tono. Ɗari biyu da sittin muka samu. Akwai wata tsohuwar macen kwaɗo da nake aunawa tun zuwana, na gane ta da tabon bayanta. Ni na miƙa ta.

Na rubuta wa darekta gaskiya. Ya amsa cewa aikin ya tsaya, in kawo ma'aunai. Ba wannan ke damuna ba. Kwana ukun nan da na yi ina cewa a'a, su ne suka tsaya mini a rai.

Ki sa ni a addu'a.

Tahiru

Damagaram, 6 ga Oktoba

Tahiru,

Na karanta. Allah ya jiƙan Fanta, ya yafe mana baki ɗaya.

Ƙarya na yi maka da na ce muna lafiya. Baban yara ko saƙo bai aiko ba. Ƙafafun 'yata Sakina sun fara kumbura.

In akwai sauran naman kwaɗon da aka busar, ka zo mana da shi. Ka ƙunsa a tsumma, kada maƙwabta su gani.

Sai ka zo.

Barira