Alwalar Baba da Gurbin Haƙori

Gummi, daren Laraba, ina gida hutu

Yau dai karatuna na likitancin haƙori ya yi rana. Da hantsi aka cire wa Baba haƙorin nan da ya daɗe yana hana shi barci, amma har la'asar jini bai tsaya ba. Inna ta ruɗe, har ta aika a sayo garin taba a cusa a gurbin. Na ce wallahi ba a gabana ba.

Sai na tsaya ina kallon alwalarsa. Ashe kurkure baki yake yi da ƙarfi, ya furzar, ya kuma. Abin da malaminmu ke nanata mana ke nan: jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, zogin da zai biyo baya ya fi na haƙorin.

Na naɗe auduga mai tsabta na ce ya cije, ya kuma bar kurkura sai gobe. Ya harare ni. "Ke Hauwa, alwalar tawa za ki gyara mani?"

Na dake. Na ce, "Baba, kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba. Kai ka koya mani." Ya karɓi audugar ya cije.

Kafin magariba jini ya tsaya. Mutumin da ya ce karatun haƙori ba likitanci ba ne, shi na ji ɗazu a zaure, kumatu a kumbure, yana ce wa Kawu Bello, "In naka ya motsa, ka zo wurin ɗiyata."