Ruwan Tapoa da Na Koyar Ban Gani Ba

Talata, 13 ga Nuwamba 1984

Yawancin mutanen Yamai suna zaton mafaɗar ruwa abin ƙasashen waje ce, sai dai a hoto. Ƴan ajina ma haka. Yau a darasin labarin ƙasa na sake nuna musu hoton kalandar da na manna a bango shekara shida ke nan: ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse a kogin Tapoa, cikin gandun dajin W. A ƙasarmu! Na yi bayani har da hannu da ƙafa.

Sai Haoua ta ɗaga hannu. Sabuwar ɗaliba ce, bana suka sauko daga arewa bayan fari ya ƙarar da shanun babanta. Ba ta cika magana ba.

"Mushe," ta ce, yadda yara ke kiran malami da Faransanci, "ka gani da idonka?"

Na ce e. Bakina ya riga ni. Ni da ban taɓa wuce garin Say da ke kan hanyar zuwa can ba.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Na gaya wa Mariyama, matata, tana tsinke yakuwar da ta sayo a kasuwar Petit Marché. Ta yi dariya har ta share hawaye. "Malam guda! Gobe ka je ka ce musu ka yi suɓul da baka, shi ke nan."

Ba zan iya ba. Amma na samu dabara: in na kai su can lokacin hutu, maganar ta zama gaskiya.

Laraba, 5 ga Disamba

Takardar izini ta fito, bayan zuwa huɗu. Sojan da ke kan tebur ya karanta sunayen yara goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni. "Mutane na layin karɓar jar dawar agaji, kai kana neman yawo?" Na ce darasi ne, ranka ya daɗe. Ya buga hatimi.

Da na biyo ta Gadar Kennedy na tsaya kallon kogi. Bai kai inda ya saba kaiwa a wannan wata ba. Manoman shinkafa na Saga, a bakin kogin, su ma sun ce haka.

Jumma'a, 14 ga Disamba

Na je wurin baban Haoua neman yardarsa, a bukkokin zana da ke bayan gari. Dogon mutum, har yanzu sandar kiwo na hannunsa. Ya ce ba ya barin ƴarsa ta yi nisa. Can ya ce, "Amma ta ce kai ka san wurin. Malami ba ya faɗin abin da bai gani ba. Ku je. In da ruwa, ku zo ku gaya mini."

Tuwon rana bai shiga ba.

Asabar, 22 ga Disamba

A bayan kamiyo, babbar motar kaya, waƙa tun daga Yamai. Shingen soja uku, a kowane sai an ƙirga yaran. Mun iso gandun lafiya. Murna kamar ni ne ƙaramin cikinsu.

Lahadi, 23 ga Disamba

Bari in rubuta duka kafin in manta.

Da sassafe aka haɗa mu da mai tsaron daji, wani dattijo, Malam Harouna, da tsohuwar bindigarsa. Na ce mafaɗar ruwa muka zo gani. Ya dube ni, ya dubi yaran.

"A Disamba? Ku mutanen Yamai! Ruwan da damina yake zuba, lokacin gandun a rufe yake, hanya duk laka. Da rani muke buɗewa, lokacin kuwa ya ƙafe. Balle bana. Ai duk wanda ya taɓa zuwa ya sani."

A gaban yaran. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na ce mu je dai.

Tafiyar kanta, kai, ta yi daɗi. Awa biyu cikin busasshiyar ciyawa mai kaiwa ƙugu. Kashin giwa kamar curin ƙasar gini, yaran suka kewaye shi kamar an ajiye musu kyauta. Birai a kan kuka suna zaginmu. Malam Harouna yana nuna sawu da bakin bindiga, wannan na ɓauna, wannan na gada, na jiya ne. Ni da na zo da littafi ban buɗe shi ba. Daga nan muka gangara kwazazzabo, hannu cikin hannu, duwatsu suna zamewa.

Sai ga shi. Na gane dutsen, shi ne na kalanda. Baƙi, dogo, da farin tabo inda ruwa ya saba bi. A bushe ƙayau.

Sai Idrisa, sarkin surutun aji, ya ce, "Mushe, ko ruwan ma bai samu takardar izini ba?"

Malam Harouna ya waiga hagu da dama tukuna, sannan ya fi kowa dariya.

Da dariyar ta lafa na cire hula. Na ce, "Yara, na yi muku ƙarya. Ban taɓa zuwa nan ba sai yau. Hoto kawai na sani, kamar ku." Na nemi Haoua da ido ban gan ta ba.

Tana can gindin dutsen, ta cire takalma, tana bin ƙudan zuma da kallo. Suna shiga wata ɓaraka suna fita. Ta durƙusa ta manna kunnenta.

"Ku yi shiru!"

Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Muka yi tsit. Ta yafito ni. Na durƙusa, wandona mai guga cikin yashi, na sa kunne. Dutsen sanyi ƙalau. Can ciki, ɗis. Ɗis. Sannan wani siririn sauti kamar ana zuba shayi daga nesa.

Ta tura hannu har kafaɗa, ta fito da shi jiƙe, da koren gansakuka a yatsu. Ta ce haka suke yi a gida in rafi ya ƙafe, zuma ba ta zama inda babu laima. Aka yi layi, kowa ya saurara. Muka tara murfin gora ɗaya, kowa ya taɓa a leɓe. Idrisa ya rantse ya fi na famfo.

A hanyar dawowa ta rage tafiya har muka jera.

"Na sani tun ran nan, Mushe."

Na ce ta yaya?

"Launinsa kawai ka faɗa. Ba ka faɗi ƙararsa ba."

Na ce to me ya sa ta gaya wa babanta na san wurin? Ta ce, "Ina son in zo."

Alhamis, 27 ga Disamba

Na koma wurin baban Haoua. Na faɗa masa duka: ƙaryar, busasshen dutsen, murfin gora ɗaya. Ruwan da ba zai shayar da ɗan maraƙi ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa. Ya ce, "To. Wannan na yarda." Ya sa aka kawo mini tabarma.

Litinin, 7 ga Janairu 1985

An koma lakwal, hutun makaranta ya ƙare. Ban cire hoton ba, na dai rubuta a ƙasansa: da damina.

Idrisa ya tambaye ni daga ina ruwan cikin dutsen ke fitowa. Na ce ban sani ba, mu bincika. Rufin aji bai faɗo ba. Haoua ta ɗaga hannu sau uku, ɗaya ma gyara ni ta yi.

Mariyama ta ce tun da na dawo na rage surutu a kan tuwo. Ba haka ba ne, gajiya ce. Ta ce kuma ba ta yarda dutse yana magana ba, ni da aka riga aka kama sau ɗaya. Na ce kada ki yarda. Hutun gaba ki ɗaura zanenki mu je, ki sa kunnenki da kanki.