Zarnin da Bilimbi Ya Rufe

Praslin, Litinin

Ƙanwata Ginette,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya.

Aji uku na yi a sakandare na fita. Ba wanda ya ba ni ko ƙugiya. Yau ina da jiragen kamun kifi biyu, ga gidan bulo a Grand Anse, otal huɗu kuma kifina suke jira. Dukansu da hannun nan nawa na same su. Shi ne za ki aiko in zo gaban duba-gari in ce me?

Kifin shak na kawo miki kyauta saboda baftismar jikarki. Ke kika haɗa satini, dambun kifin nan, a tukunyarki, a rumfarki. In mutum tara sun kwanta da amai da gudawa, a tambayi tukunya. Otal ɗaya ya ji sunana a maganar nan, na kaɗe.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Évariste Labiche

La Digue, Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiya kam da sauƙi.

Shekara ashirin ina satinin shak, ban taɓa kwantar da ko kyanwa ba. Na tafasa kifin nan, na matse shi a ƙyalle, ina buɗewa zarni ya buge ni. Na ce a zubar. Ka ce, "Ke dai da tsoro! Ƙara bilimbi da barkono, wa zai ji?" Kai ka matse 'ya'yan itacen bilimbin da kanka, tsaminsu ya rufe warin. Ni ma da laifina, na bi ka don kai ne babba.

Amma na lura da farantinka, Yaya. Shinkafa da wake ka ci. Ko cokali ɗaya na satinin ba ka taɓa ba, kana kallo Madam Confait, wadda ta goya mu bayan rasuwar Mama, ta yi ƙari. Har yau tana asibiti ana mata ƙarin ruwa, jiya ma ta tambaye ni ko kai ba ka kamu ba.

Ranar Juma'a za su karɓe lasisina su rufe rumfar. Ban ambaci sunanka ba, ba kuma zan ambata ba.

Allah ya tsare.

Ginette

Praslin, Alhamis

Zuwa ga Duba-gari,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ƙanƙara ta ƙare mini a teku, kifin ya kwana biyu a haka. Na sani sarai, na kuma hana ƙanwata mai rumfa zubarwa. Gobe zan shigo La Digue a jirgin ruwan farko.

Tun da nake ba a taɓa ɗaukar mini kaya ba, ba kuwa kan ƙanwata za a fara ba. A goge sunanta daga takardar tuhumar nan. A rubuta nawa, cikakke, da manyan baƙaƙe.

Naka,
Évariste Philogène Labiche