Akwatin Ƙarfe Mai Huda Ɗari Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Wannan littafin awo ne. Tsawo da faɗi da zurfin akwatunan da nake ƙerawa kawai nake rubutawa a cikinsa, kuma ba mai taɓa min shi. Amma yau zan rubuta wani abu daban, don in ji daɗin karantawa nan gaba.

’Yata Auta ta shigo shago da rana idonta jawur. Akwatin kwamfutar da ta yi oda, mai gefen gilashi da fitilu, wanda ta ishe mu da hotonsa, ya iso a farfashe. Masu sayarwa sun ce sai bayan wata guda za su turo wani. Gasar wasan tseren mota na kwamfuta da ta shiga kuwa ranar 22 ga wata ce, kuma kowa da injinsa yake zuwa. Tsohon akwatinta mai araha ba zai ɗauki sabon katin hoton da ta saya ba, katin ya fi shi tsawo da yatsa uku. Shekara biyu yarinyar nan tana jiran wannan gasa. Da rana ta yi wa ofishinsu zanen gine-gine, ran hutu ta yi ta tuƙa motar ƙarya har hannunta ya yi kanta.

Na ɗauki ɓarin ƙarfen fasasshen akwatin da ta zo da shi, na lanƙwasa shi da yatsa biyu. Gwangwanin madara ya fi shi kauri. Na ce mata, “Shekara talatin da ɗaya ina ƙera akwatin ƙarfe. Share hawayenki.” Ta ce, “Baba, wannan fa ba irin naka ba ne.” Na ce akwati dai akwati ne.

Talata, 4 ga Maris

Ta kawo kayan cikin, na auna su ɗaya bayan ɗaya. Allon da komai ke hawa kai, katin hoto, tukunyar wuta, fankoki uku. Ta nuna min cewa allon ba ya son taɓa ƙarfe, sai an ɗaga shi a kan ’yan ƙafafu. Wannan na karɓa, magana ce mai ma’ana.

Sai kuma ta miƙo min wata takarda da ta zana, duk ta cika ta da kibiyoyi da ɗige-ɗige, tana cewa iska kaza, iska kaza. Na ce to, ajiye. Ni za a zana wa akwati.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yanka falle mai kauri, irin wanda nake yi wa akwatin ajiyar takardu. Mai Fenti, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ce, “Wannan kwamfuta za a saka ko ɓarawo za a kulle?” Na ce ya koma kan gwangwanayensa, idan na gama zai zo yana roƙon in bar shi ya shafa.

Asabar, 8 ga Maris

Walda ta fita sumul. Ko da farce ka bi ba za ka ji gaɓa ba.

Talata, 11 ga Maris

An gama. Na zagaye bakin murfin da robar tsohon tub na taya, na matse kafofin wayoyi na baya daidai wa daida, ko tururuwa ba ta da hanya. Sannan na yi masa gwajin da nake yi wa kowane akwati tun ina gidan maigidana: na kunna tocila na saka a ciki, na rufe, na shiga sito na ja ƙofa. Duhu ƙirin. Ko ɗigon haske bai fito ba. Inda haske bai fita ba, ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, ɓera sai dai ya lashi fenti ya wuce. Abin da ya sa mutane ke tsallake shago biyar su zo nawa ke nan.

Wallahi daɗi ya kama ni har na yi wa Mai Fenti kyautar shayi. Ya shafa masa baƙin fenti, ya yi ta sheƙi.

Laraba, 12 ga Maris

Na kai gida da yamma a bayan babur. Mamansu ta ce kai, kamar na kanti. Auta ta zagaye shi sau biyu, ta shafa, ta duba gaba, ta duba sama. Ta ce, “Baba, ina kafofin?” Na ce waɗanne kafofi, ni ba na yin akwati mai yoyo. Ta yi min wani kallo. Na san wannan kallon, irin na uwarta ne.

Ta haɗa komai duk da haka. Injin ya tashi. Na naɗe hannu a ƙirji na tsaya a bayanta.

Akwai wata lamba a kusurwar allon kallo, ta ce zafin injin ne. Hamsin. Ta fara tsere, jar mota ce tata. Saba’in. Tamanin da biyar. Fankoki suna ta ihu a ciki kamar an kulle su a bayi. Casa’in da shida, sai allon ya yi ɗif. Minti goma sha ɗaya.

Na taɓa saman akwatin, na janye hannu da sauri. Ni da nake riƙe ƙarfen walda.

Na ce ai katin ne jabu. Ta cire wayar wuta, ta ce a hankali, “Saura kwana goma, Baba. Idan bai yiwu ba zan kira su in janye sunana.” Da ta yi min tsawa da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban yi aiki ba. Na ce wa Mai Fenti bayana ke ciwo.

Juma’a, 14 ga Maris

Mamansu ce ta gama da ni, kuma ba ta ma ɗaga murya ba. Tana girki, na shiga neman ashana, ta tura ƙofar kicin ta rufe, ta ja taga. Ta ce, “Malam, tsaya nan minti goma sha ɗaya.” Kafin minti uku gumi ya jiƙa min riga. Ta buɗe taga, ta ci gaba da juya tukunyarta kamar ba ita ba.

Abin haushin shi ne na san wannan. Ni na bar tazara tsakanin bangon shagona da rufin kwano don zafi ya samu hanyar fita. Duk akwatin da na taɓa yi, abin da ke cikinsa a kwance yake, zane ko takarda. Wannan kuwa wuta yake ci yana huci, ni kuma na toshe masa hanci ina alfahari.

Takardar Auta. Na birkice shago kaf ina nema. Ashe na ninke ta huɗu na tokare ƙafar teburin aiki da ita, tun ran da ta ba ni. Kunya ta kama ni, ni kaɗai a shago.

Asabar, 15 ga Maris

Na warware takardar na ɗora mata dutsen guga. Yarinyar nan ta san abin da take yi. Iska mai sanyi ta shiga ta gaba, ta ratsa kan katin, mai zafi ta fita ta baya da sama. Har girman kowace huda ta rubuta, da tazarar da ke tsakani.

Na kafa injin huda a kan fuskar akwatin, na daɗe ban danna ba. Shekara talatin da ɗaya ina toshe kafa, yau ni ne zan huda da hannuna. Na yi bismillah na danna. Ta farko ce mai wuya.

Mai Fenti ya ce, “Au, yanzu kuma rariya ake ƙerawa?” Na ce idan ya ƙara magana zan huda masa gwangwani.

Litinin, 17 ga Maris

Huda ɗari huɗu da goma sha biyu. Kowace na bi ta da magagari don kada ta yanki hannu. Kafaɗata ta mutu, amma layin ya miƙe kamar da zare aka ja.

Abu ɗaya na ƙara da ba ya cikin zanenta. Na yi ’yar raga mai laushi a bayan hudojin gaba, a kan firam da ake zarewa kamar aljihun tebur, a wanke a mayar. Iska ta wuce, ƙura ta tsaya a waje. Ba zan yi akwatin da ƙura ke shiga yadda ta ga dama ba, ko na waye. Na kuma ɗora masa mariƙi a sama, tunda ɗaukarsa za a yi.

Talata, 18 ga Maris

Sittin da biyu.

Awa uku tana tsere, lambar ta tsaya a sittin da biyu, sau ɗaya ta leƙa sittin da biyar ta dawo. Na sa tafin hannuna a baya, iska mai ɗumi tana fitowa a natse. Auta ta zare ragar ta mayar, ta sake zarewa ta mayar, ta ce, “Baba, wanda na yi oda ma ba shi da irin wannan.” Na ce na sani. Ban sani ba, amma na ce na sani.

Ba ta tambayi inda takardarta ta samo tabon ƙafar tebur ba. Allah ya yi mata albarka.

Asabar, 22 ga Maris

Na rufe shago, abin da ban taɓa yi ran Asabar ba, muka tafi wurin gasar har da mamansu. Babban zaure, tebura a jere, kowa da akwatinsa na gilashi mai walƙiya, wani ja wani shuɗi. Na shigo da namu riƙe a hannu ɗaya, wasu samari suka fara taɓa juna suna dariya. Ɗaya ya ce ko janareta muka kawo. Na duba Auta in ga ko ta ji kunya. Ta karɓe shi daga hannuna, ta ɗora shi a saman tebur, ta juya fuskarsa ta kalli jama’a.

Aka ja labule aka rage fitilun zaure don a ga allo da kyau. Auta ashe ta saka wata siririyar fitila a ciki ban sani ba. Haske ya tsiyayo ta kowace huda, layi-layi, ya zuba a kan tebur har ƙasa. Da a sitona ne na ga haka, da na ce aiki ya ɓaci. Na tsaya ina kallo.

Mutane suna kallon motoci, ni lamba nake kallo. Sittin da uku. Sittin da ɗaya. Zauren ya yi zafi, wani ya cire gefen gilashinsa yana yi wa injinsa fifita da kwali. Namu ko gezau.

Awa biyar. Ta lashe rukuninta, a tseren ƙarshe ta zo ta biyu, da ƙyar wani dogo ya sha gabanta a kwanar ƙarshe. Ta yi tsalle ta rungume mamansu tana dariya tana hawaye. Ita ta biyu ta zo. Akwatina dai na ɗaya ya zo, kowa ya gani.

Wanda ya ce janareta shi ya fara zuwa. Ya durƙusa yana leƙa ragar, ya ce, “Baba, don Allah wa ya tsara wannan?” Na riga na buɗe baki. Sai na ji na ce, “Zanenta ne. Ni hudawa na yi.” Auta ta ce, “Ragar da mariƙin nasa ne.” Muka yi ta tura wa juna kamar masu rabon laifi.

Laraba, 26 ga Maris

Mutum uku sun zo shago suna son irinsa. Ɗaya ƙarami yake so mai sauƙi, ɗaya na wasa, ɗaya kuma wai har bututun ruwa zai saka a ciki, Allah ya kyauta. Mai Fenti ya riga ya fara tambayar wane launi. Na ce musu su dawo gobe, sai na yi nazari.

Ba wani nazari ba ne. Auta ce ba ta tashi daga ofis sai biyar.

Ta zo, na share mata gefen tebur, na sa katako a ƙarƙashin ƙafar nan mai rawa. Ta nemi takarda, na ce babu takarda a kusa. Akwai, amma ta yi ƙura. Na buɗe mata shafi na gaba na ba ta fensirina. Idan na ga rubutun da ba nawa ba a bayan wannan shafin, kada in yi faɗa, ni na ba ta.